Karon Tsuntsu da Jirgin Sama

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da babban jirgin sama yana ƙasa, ya ɗaga kai ya dubi tsawon fukafukansa, ya ji ƙugin injinsa har ƙasa na girgiza, in aka ce masa hasbiya tana iya kayar da wannan abu, dariya zai yi. Jirgin da ke ɗaukar mutum 150 da kayansu nauyinsa ya kan kai tan 70, hasbiya kuwa ko rabin kilo ba ta cika ba. Amma Hausawa sun riga sun faɗi, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ran 15 ga watan Satumba 1988 wani jirgi na kamfanin ƙasar Habasha, irin wanda a ke kira Boeing 737, ya tashi daga filin Bahir Dar, a bakin tafkin Tana, da mutum 104 a cikinsa. Yana tsakiyar gudu bisa titi, daidai sa'ad da zai ɗaga hanci, sai ya kutsa cikin garken hasbiyoyi, injunansa biyu suka haɗiye su. Matuƙan suka yi iyakar ƙoƙarinsu su kewayo su sauka, amma kafin su kai ga titi injunan duka suka mutu, jirgin ya sauka da ciki a wani fili, wuta ta kama shi, mutum 35 suka rasu. Hasbiyar nan kuwa ba wata baƙuwa ba ce. Ita ce dai wadda a ke gani bisa giginya da kan soraye a ƙasar Hausa, mai ja kewaye da ido, wadda yara ke bi da danƙo.

Rigimar tsuntsu da jirgi tsohuwa ce, kusan tare aka haife ta da jirgin kansa, kuma in za a bi gaskiya mutum ne ya fara tsokana. A 1903 'yan'uwan nan biyu na Amurka, Wilbur da Orville Wright, suka fara tashi sama da jirgi mai inji. Ba a cika shekara biyu ba, ran 7 ga Satumba 1905, Orville yana shawagi bisa wata gonar masara kusa da garin Dayton, sai ya ga garken tsuntsaye, ya bi su yana kora, har ya buge ɗaya ya faɗi matacce bisa fiffiken jirgin. Ramuwa ba ta daɗe ba. Calbraith Rodgers, wanda ya fara ƙetare Amurka da jirgi daga wannan teku zuwa wancan a 1911, ya sha faɗuwa a hanya yana tsira. Ran 3 ga Afrilu 1912 yana shawagi a bakin teku a Kalifoniya, sai wani farin tsuntsun teku ya maƙale cikin wayoyin da a ke juya jirgin da su, jirgi ya ƙi jin linzami, ya faɗa ruwa. Shi ne matuƙi na farko da tsuntsu ya kashe.

Duk da haka a shekarun farko ba a ɗauki abin da zafi ba, gama jiragen lokacin ba su da sauri ainun, ko an yi karo sau da yawa 'yar lotsawa ce da jini, a goge a ci gaba. Abin da ya sake al'amarin shi ne gudu. Masana lissafi sun nuna ƙarfin karo ba ya bin gudu ƙafa da ƙafa. In gudu ya ninku sau biyu, bugu ya kan ninku sau huɗu, in ya ninku sau uku, bugu sau tara. Ga misali. Tsuntsu mai nauyin kilo 4, in jirgi mai gudun kilomita 400 a awa ya same shi, daidai ya ke da a ɗauki buhun gero mai kilo 100, a hau da shi gini mai tsawon mita 25, a sako shi. To, a ƙaddara buhun nan bisa gilashin da ke gaban fuskar matuƙi zai sauka. Taushin gashi da na nama ba su da amfani a nan, kamar yadda ruwa, duk da taushinsa, ya kan zama daɓe ga wanda ya faɗo masa daga nesa.

Mai tambaya zai ce, to, tsuntsu ba shi da ido ne? Me ya hana shi kaucewa? Ido kam yana da shi, sau da yawa ma ya fi na mutum kaifi. Abin da ya rasa shi ne sanin irin wannan gudu. Tun da Allah ya halicce shi abokan gabansa su ne shaho da shirwa da muzuru, kuma ya san tazarar da zai bari tsakaninsa da su kafin ya tashi. Waɗansu masu bincike a Amurka sun jarraba wannan, suka riƙa nuna wa tsuntsaye hoton mota mai motsi tana nufo su da gudu iri-iri. Suka tarar tsuntsun ba gudu ya ke aunawa ba, tazara ya ke aunawa. Sai ya rage kamar mita 30 abin ya iso, sa'an nan ya zabura, ko a hankali abin ke tafe ko a guje. Wannan dabara ta kan fisshe shi muddin gudun bai wuce kamar kilomita 120 a awa ba. Jirgin fasinja kuwa sa'ad da zai bar ƙasa yana gudun wajen kilomita 250 ne ko fiye, watau kafin rabin sakan ya cinye mita 30 ɗin nan. Tsuntsu ya yi daidai abin da ya gada, sai dai gadon bai zo daidai da zamani ba.

Sa'an nan ga injin jet, wanda ya zo ya ture farfela daga manyan jirage. Shi da iska ya ke rayuwa. Bakinsa a buɗe ya ke, wani faɗinsa ya fi tsawon mutum, a ciki akwai fanka mai wuƙaƙe da ke juyawa sau dubbai a minti ɗaya tana zuƙo iska. Wani kashi na iskar ya kan wuce can ciki, inda layi-layi na ƙananan wuƙaƙe ke matse ta, a fesa mata mai, a kunna, ta fita ta baya da ƙarfi. Duk abin da ya gifta gaban bakin nan zuƙe shi za a yi. In tsuntsu ya shiga sai ya lanƙwasa wuƙa ɗaya ko ya karya ta, gutsuren ya bugi ta kusa, ita ma ta karye, haka haka har cikin injin ya zama kamar an zuba tsakuwa a injin niƙa. Wuta ta riƙa fita ta baki da ta baya, a ji ƙara kamar harbin bindiga, jirgi ya ɗauki rawa, warin ƙonannen gashi ya shigo har wurin fasinjoji. Daga nan ko dai injin ya rage ƙarfi, ko ya mutu ɗungum.

Ranar da masu jirage suka tabbata an shiga sabon zamani ita ce 4 ga Oktoba 1960. Wani jirgi mai inji huɗu, irin wanda a ke kira Electra, mai farfela a waje amma cikinsa irin na jet, ya tashi daga filin birnin Bostan na Amurka da mutum 72. Sakan kaɗan da barinsa ƙasa ya shiga garken waɗansu 'yan tsuntsaye baƙaƙe masu ɗigo-ɗigo, waɗanda Turawa ke kira sitalin. Ɗayansu bai kai kurciya ba, nauyinsa kamar giram 80, amma dubbai su ke tashi tare kamar jan-baki, sarkin yawa kuwa ya fi sarkin ƙarfi. Uku daga injunan suka sha tsuntsaye, jirgin ya karkata ya faɗa cikin teku, mutum 62 suka hallaka. Abin mamaki, tsuntsun nan asalinsa ba na Amurka ba ne. Daga Turai aka kawo kamar guda 100 aka sake su cikin wani lambu a birnin Niyok a 1890 da 1891, suka hayayyafa har suka cika ƙasar.

Ragowar gashin da aka samu aka aika gidan ajiyar kayan tarihi da na halitta na Smithsonian a Washintan, ya faɗa hannun wata mata mai suna Roxie Laybourne. Ita ta faɗi ko wane tsuntsu ne, kuma daga nan ta ba da sauran rayuwarta ga wannan aiki. Ta kan wanke ɗan ɓurɓushin gashi, ta busar, ta sa a madubin ƙara girma, ta dubi ƙulle-ƙullen da ke jikin silinsa, gama kowane dangin tsuntsu da irin nasa. Aiki ne na shiru wanda ba a buga wa tambari, amma shi ne tushen sauran, domin wanda bai san ɓarawonsa ba bai san inda zai toshe ba, kuma abin da ke korar agwagwa ba shi ke korar shirwa ba. Ɗakin binciken yana nan har yanzu, sai dai an ƙara masa gwajin ƙwayoyin halitta.

Masu ƙera jirage su ma ba su zauna ba. Ba a yarda sabon irin jirgin fasinja ya fara aiki sai an jarraba shi da wata bindiga mai aiki da matsattsiyar iska, wadda harsashinta matacciyar kaza ce. A kan ɗura kazar, a harba ta ga gilashin gaba da irin gudun da jirgin zai yi, a ga ko zai fashe. Dole gilashi ya jure tsuntsu mai kilo 1.8. Inji ma a kan tayar da shi a ƙasa, a harba masa tsuntsaye a baki, ƙanana da matsakaita da babba. Amma a nan akwai abin lura. Game da tsuntsu mafi girma cikin gwajin, abin da doka ta nema ga inji shi ne kada ya kama wuta, kada gutsattsarinsa su huda jikinsa su fito su sami jirgin, a kuma iya kashe shi lafiya. Ba ta ce lalle ya ci gaba da aiki ba. Hujjar ita ce jirgi mai inji biyu an gina shi ya iya tashi ya sauka da ɗaya. Lissafin daidai ne in tsuntsu ɗaya ya zo. To, amma dinya ba ta tafiya ita kaɗai. Jeri su ke yi, faɗin jerinsu kuwa ya isa ya rufe bakin injin dama da na hagu a bugu ɗaya.

Haka ta faru ran 15 ga Janairu 2009. Jirgin kamfanin US Airways, Airbus A320, ya tashi daga filin LaGuardia na birnin Niyok wajen la'asar da mutum 155. Mataimakin matuƙi, Jeffrey Skiles, shi ke riƙe da jirgin. Ba a cika minti biyu da barin ƙasa ba, a tsawon ƙafa 2,800, sai gilashi ya cika da manyan tsuntsaye, dinyoyin Kanada, kowace nauyinta wajen ninki biyu na wanda aka jarraba injin da shi. Aka ji bugu, injunan biyu suka rasa kusan dukan ƙarfinsu. Babban matuƙi, Chesley Sullenberger, mai shekara 57, tsohon matuƙin jirgin yaƙi wanda ya yi awa kusan 20,000 a sama, ya karɓi jirgin. Tun kafin littafin ƙa'ida ya kai ga wannan layi, ya kunna ƙaramin injin da ke cikin wutsiya mai ba da lantarki, don kada na'urorin tuƙi su mutu. Skiles kuwa ya buɗe littafin yana bin matakan sake tayar da inji ɗaya bayan ɗaya. Matakan nan shafi uku ne, an rubuta su domin jirgin da injinsa ya mutu can ƙafa 20,000 ko fiye, inda akwai lokaci. Su kuwa ba su da shi.

A tsaya a dubi halin da mutumin nan ke ciki. Ƙarƙashinsa birni ne mai mutum miliyan 8, gini a jikin gini. Jirgin da ba inji yana iya lilo ya sauko a hankali kamar shirwa, amma kowane sakan tsawo na raguwa, abin da ya ragu kuwa ba ya dawowa. Ma'aikacin da ke kula da zirga-zirgar jirage ya ba shi titi a LaGuardia, ya duba ya ga in ya juya bai kai ba, cikin gidajen mutane zai faɗi. Aka ba shi filin Teterboro da ke ƙetaren kogi, ya auna, ya ce ba zai yiwu ba, kogin Hudson za su shiga. Ya bi ta bisa gada, ya daidaita fukafukai, ya ɗaga hanci kaɗan, ya sa wutsiya ta fara taɓa ruwa. Daga bugun tsuntsu zuwa taɓa ruwa sakan 208 ne, watau minti uku da rabi. Tsakiyar hunturu ne, ruwan kamar ƙanƙara, amma jiragen fito da ke kusa suka rugo suka kwashe mutane daga kan fukafukai. Sullenberger bai fita ba sai da ya bi cikin jirgin sau biyu ya tabbata ba a bar kowa ba. Mutum 155 suka shiga, 155 suka fita da rai.

Daga baya hukumar binciken haɗari ta sa waɗansu matuƙa su maimaita tafiyar a na'urar koyon tuƙi. Waɗanda suka juya nan take, da ya ke sun riga sun san abin da zai faru, wajen rabin gwajinsu ya kai fili. Da aka ce a jinkirta sakan 35, gwargwadon abin da ɗan Adam ke bukata ya gane abin da ya same shi, sai jirgin ya kasa kaiwa.

Labari ne mai daɗi, har fim an yi da shi, kuma mutumin ya cancanci yabon da aka yi masa. Amma yana da lahani guda: ya kan sa mutane su zaci maganin tsuntsu shi ne gwanin matuƙi. Ba kullum a ke samun kogi shimfiɗe a gaba ba, da hasken rana, ba hazo, ga jiragen fito a kusa. Ran 29 ga Disamba 2024 jirgin kamfanin Jeju Air da ya zo sauka a Muan ta Koriya ta Kudu ya gamu da garken ƙananan agwagin daji, ya sauka ƙafafunsa ba su fito ba, ya zarce ƙarshen titi ya bugi wani ginin kankare da aka kafa na'urar saukar jirage a kai. Cikin mutum 181, biyu kaɗai suka rayu. Matuƙi shi ne na ƙarshe a layi. Sa'ad da abin ya iso gare shi saura sakan kaɗan, kuma sau da yawa bashin da ya ke biya waɗansu ne suka ci shi a ƙasa, tun watanni ko shekaru kafin ranar.

Gama haɗarin tsuntsu na kusa da ƙasa ne. Gaskiya ne akwai masu hawa can ƙololuwa. Ran 29 ga Nuwamba 1973 wani jirgi yana tafiya a tsawon ƙafa 37,000 bisa Abijan, injinsa ya haɗiyi maiki, babban dangin ungulun nan na ƙasashen Sahel, kuma Roxie Laybourne ce ta gane shi daga 'yan gashin da suka rage. Ba a taɓa tabbatar da tsuntsu a sama da haka ba. Amma wannan abin labari ne. Hukumar jiragen sama ta Amurka, wadda a 2023 kaɗai ta rubuta karo fiye da 19,000, ko da ya ke mafi yawansu ba su yi ɓarna ba, ta nuna wajen kashi 70 cikin 100 na karon jiragen fasinja ƙasa da ƙafa 500 su ke faruwa, watau cikin filin jirgi ko a bakinsa, lokacin tashi ko sauka. Lokacin nan kuwa shi ne jirgi ya fi rauni, ga ƙarancin gudu, ga ba tsawon da za a yi dabara a cikinsa.

To, me ke kawo tsuntsu filin jirgi? A dubi filin da idon tsuntsu. Wuri ne shimfiɗaɗɗe, an kewaye shi da waya, ba makiyayi, ba mafarauci, ba yaro mai danƙo. Ga ciyawa cike da fara da ɓeraye, ga kududdufai bayan ruwan sama, ga kwalta mai ɗumi, ga fitilu masu tara ƙwari da dare. Wanda ya san yadda balbela ke bin garken shanu, da yadda shirwa ke taruwa bisa gobarar daji, da yadda kowane tsuntsu ke fitowa ranar da gara mai fiffike ta tashi bayan ruwan fari, ya san abin da zai faru in aka yanke ciyawar fili ko aka ƙone ta ana tsakiyar tashin jirage. Bugu da ƙari, filin jirgi a wajen gari a ke gina shi, wajen gari kuwa nan ne mazaunin juji da mayanka. A 1973 wani ƙaramin jirgin jet ya tashi daga wani fili kusa da Atlanta ta Amurka, ya shiga cikin tsuntsayen da ke kiwo a jujin da ke maƙwabtaka da filin, mutum 7 da ke ciki suka mutu. Saboda irin wannan ne hukumar jiragen sama ta duniya ta ba da shawara a sa ido kan duk abin da ke jawo tsuntsu cikin kilomita 13 kewaye da fili. Wanda ya sa hannu a takardar izinin zuba shara ko gina mayanka cikin wannan da'ira yana da hannu cikin tuƙin kowane jirgi da zai tashi daga nan, ko da bai taɓa shiga jirgi ba.

Ashe babban yaƙin a hannun waɗansu mutane ya ke da fasinja ba ya ko ganinsu, su mai zagaya titi da mota tun asuba, da mai yankan ciyawa, da mai yashe magudana. Kayan aikinsu kuwa manomin gero zai gane su, domin shi ma ya san korar tsuntsu. Akwai bindigar gas mai tashi da kanta, akwai harsashi mai ƙara da walƙiya, akwai lasifika mai sakin kukan tsuntsun da ya shiga hannu. Sai dai abin da manomi ya sani game da mutum-mutumi su ma sun sani, kwana kaɗan tsuntsu ya gane ƙarya ce, har ya sauka bisa bindigar ya huta. Saboda haka a kan koma ga abokan gaba na ainihi. A 1965 sojan ruwan Ingila suka sa shahuna aiki a filin Lossiemouth ta Sikotlan, a 1999 kuma wani fili a Florida ya ɗauki karen kiwon tumaki aiki, ana kiransa Jet. Wata dabarar kuma ba ta da ƙara ko kaɗan. A Ingila a kan bar ciyawar fili ta yi tsawon kamar santimita 15 zuwa 20, gama tsuntsayen da ke sauka a garke ba su son wurin da ba za su hangi abin da ke zuwa ba.

Akwai kuma kisa, wanda hukumomi kan ruga gare shi in hankalin jama'a ya tashi. Wani lokaci ba makawa, kuma ba mai hankalin da zai fifita ran dinya bisa na mutum 155. Amma kisa ma yana bukatar a san wanda a ke kashewa. Bayan saukar Hudson, cikin watannin Yuni da Yuli 2009, aka kama dinyoyi fiye da 1,000 daga lambuna da tafkunan birnin Niyok aka hallaka, a lokacin da su ke sake gashi ba su iya tashi. Waɗannan 'yan gari ne, a nan su ke ƙyanƙyasa, a nan su ke shekara. A wannan shekara kuwa masanan Smithsonian suka gwada gashin da aka ciro daga injunan jirgin Sullenberger. Gashin tsuntsu yana riƙe da alamar ruwan ƙasar da ya tsiro a cikinta, kuma alamar ta nuna dinyoyin da suka kayar da jirgin baƙi ne, daga yankin Labrador na ƙasar Kanada suka sauko, hunturu ya koro su kudu.